Darasi na Shida: Tambayoyin da Ake Yi wa Sigina

Duk wanda ya taɓa ɗora mitar awo a kan wayar lantarki ya riga ya yi hulɗa da sigina, ko da bai san sunanta ba. A wurin injiniyan lantarki, sigina ita ce duk wani abu mai aunuwa da ke canzawa yayin da lokaci ke tafiya, kuma canzawar tasa take gaya mana wani abu. Boltejin da ke fita daga makirfo sa'ad da liman yake huɗuba sigina ce. Haka lantarkin da fanka ke ja, da igiyar rediyon da eriya ta cafko, da ɗan mitsitsin boltejin da bugun zuciya ke haifarwa a fatar ƙirji. Littattafan wannan fanni sun saba jero nau'o'in sigina bibbiyu: mai ɗorewa da mai tsinkewa, analog da dijital, mai maimaici da marar maimaici, mai tabbas da marar tabbas, ta makamashi da ta ƙarfi. Ɗalibi ya haddace jerin, ya ci jarrabawa, bayan wata biyu ya manta. Ba laifinsa ba ne, domin an nuna masa kamar kowace sigina gida ɗaya za ta faɗa cikin goman nan. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, kowane biyu daga cikinsu tambaya ce guda da ake yi wa sigina, kuma ana yin tambayar ne saboda amsarta ce ke nuna na'urar da za ta auna siginar daidai, da lissafin da zai yi aiki a kanta, da wanda zai yaudari mai yin sa.

Mutum ɗaya ne yake zuwa wurin tela da wurin likita. Tela faɗin kafaɗa da tsawon hannu yake tambaya, likita kuwa rukunin jini da hawansa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma amsar ɗaya ba ta soke ta ɗayan. Haka sigina ɗaya take amsa tambayoyin nan biyar a lokaci guda. Mu ɗauki wutar da ke shigowa gidajenmu. A Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a kowane sakan, wato haz 50, a kan bolt 220 zuwa 240, a Amurka kuwa haz 60 ne a kan bolt 120. Mai ɗorewa ce, domin babu wani ɗan lokaci, komai ƙanƙantarsa, da ba ta da ƙima. Analog ce, domin tsakanin ƙololuwarta ta sama da ta ƙasa babu ƙimar da ba ta ratsawa. Mai maimaici ce, domin duk bayan kashi ɗaya cikin hamsin na sakan tana komawa inda ta faro. Mai tabbas ce, tunda ana iya rubuta ta da lissafi tun kafin ta zo. Ta ƙarfi ce kuma, saboda dalilin da za mu zo kansa. Nan gaba za mu ga cewa har waɗannan amsoshin suna iya sauyawa idan mai tambayar ya sauya.

Lokaci daban, ƙima daban

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa tambayoyi biyun farko a mai da su ɗaya. Ta farko a kan lokaci take: siginar tana da ƙima a kowane lokaci, ko sai a wasu lokutan da aka tsara? Ta biyu a kan ƙimar kanta take: tana iya ɗaukar kowace ƙima, ko an ƙayyade mata wasu matakai da ba ta tsayawa a tsakaninsu? Biyu sau biyu huɗu, kuma duk huɗun suna nan a zahiri. Boltejin makirfo bai tsinke ta ko'ina ba. Ma'aikacin da ke zuwa bakin madatsar ruwa kowace safiya ya duba inda ruwa ya kai ya tsinka lokaci, amma tsayin ruwan yana iya kasancewa ko nawa ne. Makunnin da ke kunna injin firji ya kashe shi akasin haka ne, ƙima biyu kaɗai ya sani, a kunne ko a kashe, sai dai yana iya juyawa a kowane lokaci sanyi ya ragu. Muryar da aka naɗa a memorin salula kuwa an tsinka ta ta ɓangarorin biyu, kuma ita kaɗai ce dijital ta haƙiƙa a cikin huɗun. Amfanin raba tambayoyin shi ne kowace tsinkawa da irin asarar da take jawowa. Tsinka lokaci yana ɓatar da canji mai sauri, tsinka ƙima yana ɓatar da canji ƙarami. Wanda ya gauraya su zai riƙa ƙara matakai a inda yawan awo ake bukata, ya kashe kuɗi matsalar tana nan.

Mai da sigina mai ɗorewa ta zama mai tsinkewa shi ake kira ɗibar samfur: a auna ta, a jira, a sake aunawa. Hankali zai ce duk yadda aka yi, abin da ya faru tsakanin awo da awo ya salwanta. Abin mamaki, ba lallai ba ne. Harry Nyquist, injiniyan kamfanin tarho na AT&T a Amurka, ya share fagen maganar a 1928 yana nazarin saurin aika saƙon talgiram. Vladimir Kotelnikov ya tabbatar da ita a Tarayyar Sobiyet a 1933, sannan Claude Shannon ya kafa ta a ilimin sadarwa a 1949. Ƙa'idar ita ce, idan aka san mafi saurin kai-komon da ke cikin sigina, aka kuma ɗebi samfur fiye da ninki biyu na wannan saurin, to ana iya sake gina siginar daga samfuran ba tare da an rasa komai ba. A kan wannan aka gina tarhon dijital. An tace muryar mutum aka bar abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400, aka riƙa ɗibar samfur sau 8,000 a sakan. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗiba sau 44,100, domin kunnen matashi mai lafiya yana ji har kusan haz 20,000, ninki biyunsa 40,000 ke nan, aka ƙara ɗan sarari a kai. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ce ta sa a layin tarho sautin "s" da na "f" suke rikicewa har sai an maimaita suna, domin yawancin abin da ke raba su yana sama da inda aka yanke.

Idan aka karya ƙa'idar, siginar ba ɓacewa take yi ba, ƙarya take yi, wannan kuwa ya fi muni. A ce an sa na'ura ta riƙa auna wutar gida daidai sau 50 a sakan. Kowane awo zai riski wutar a wuri ɗaya na zagayenta, sai na'urar ta ba da rahoton cewa boltejin a tsaye yake cak kamar na batir. A rage awon zuwa sau 49, za ta ce wutar tana kai da komo sau ɗaya tak a sakan. Lambobin za su fito tsaf-tsaf, babu abin da zai nuna na bogi ne. Shi ne abin da ke faruwa a fim, inda ake ɗaukar hoto 24 a sakan, tayar mota mai gudu ta bayyana kamar tana juyawa baya. Saboda haka ake sa matata a gaban duk na'urar da ke mai da analog dijital, ta cire abin da ya fi ƙarfin saurin ɗibar tun kafin ya shiga. In ya riga ya shiga ya saje da na gaskiya, babu lissafin da zai fitar da shi.

Tsinka ƙima kuwa asararsa ba ta da makawa. Tarho yana ba kowane samfur bit 8, wato matakai 256, shi ya sa layi ɗaya yake cin bit 64,000 a sakan. CD yana ba shi bit 16, matakai 65,536. Duk samfurin da ya faɗo tsakanin mataki da mataki sai a tura shi ga wanda ya fi kusa, ɗan abin da aka gutsure kuma ba ya dawowa. To me ya sa aka yarda da wannan asara? Amsar da Alec Reeves, Ba'ingilen da ke aiki a wani ɗakin bincike a birnin Paris, ya gano a 1937 ita ce hayaniya, wato duk wani boltejin banza da ke liƙe wa sigina a hanya. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san abin. A kwafi kaset daga kaset, a sake kwafa daga kwafin, kafin hawa na huɗu ko na biyar shuu ɗin ya fara danne muryar. Na'urar ƙara sauti ba ta da hanyar gane wane ɓangare ne murya, wane ne hayaniya, tunda a analog kowace ƙima halattacciya ce, sai ta ƙara su tare. A dijital ba haka ba ne. A wani sanannen rukunin kayan lantarki masu aiki da bolt 5, duk abin da ya gaza bolt 0.8 sifili ne, duk abin da ya haura bolt 2 ɗaya ne. Idan aka aiko 3.4 ya iso 3.1, har yanzu ɗaya ne, kuma na'urar da ta karɓa za ta sake fitar da shi sabo fil. An biya ƙaramar asara sananniya sau ɗaya, don a tsira daga wadda ke taruwa a kowane zango.

A nan mai karatu yana iya cewa, tunda dijital ta yi nasara, salula dijital, talabijin na komawa dijital, har Najeriya ta fara nata sauyin da birnin Jos a 2016, me ya rage na koyon analog? Tarihin wayar talgiram ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin Tekun Atlantika ya isa amsa. A watan Agustan 1858 aka haɗa tsibirin Ayalan da Newfoundland. Saƙon talgiram matakai ne ƙayyadaddu, don haka a lissafin wasu masu aikin abin da aka tura shi zai fita. Amma doguwar waya a cikin ruwa tana tara caji tana sakinsa a hankali, sai kowane bugu ya iso a miƙe, jelarsa ta shiga cikin na bayansa. Saƙon gaisuwar Sarauniya Victoria ga Shugaba James Buchanan, wanda bai kai kalma 100 ba, ya ɗauki kimanin awa 16. Mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, ya nemi magance abin da ƙarin bolteji mai yawan gaske, cikin 'yan makonni wayar ta mutu. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, shi ya ɗauki bugun a matsayin abu mai hawa da sauka sannu a hankali, ya bi ta hanyar ƙaramin bolteji da na'urar karɓa mai saurin ji, kuma fahimtarsa ce ta yi aiki a wayar da ta ɗore daga 1866. Sifili da ɗaya yarjejeniya ce tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Abin da ke tafiya a cikin waya ko a iska kullum analog ne, kuma dokokin analog ne ke hukunta shi. Shi ya sa idan hadari ya haɗu hoton tauraron ɗan'adam yake daskarewa ya ɗauke gaba ɗaya: siginar ta yi ta raunana a hankali ba a gani, har ta kai inda na'urar ta kasa raba ɗaya da sifili. Tsohon talabijin yakan yi dishi-dishi ne amma a ci gaba da kallo. Akwai ma inda aka bar analog da gangan. A masana'antu har yau ana aika awon zafi ko matsin tururi da kwararar lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20. An fara daga 4 ne don in aka ga sifili a san waya ce ta tsinke, ba awon ne ya sauka ba.

Maimaici, da abin da mitar awo take zato

Tambaya ta uku ita ce wadda ta fi taɓa aljihun mai karatu. Sigina mai maimaici ita ce wadda ke sake zubinta daidai bayan wani tsayayyen lokaci. A 1807 Joseph Fourier, Bafaranshen da ke nazarin yadda zafi ke ratsa ƙarfe, ya gabatar wa masanan Paris da'awar da Lagrange da wasu manya suka ƙi amincewa da ita, sai a 1822 ta fito a littafi. A yaren lantarki, da'awar ita ce kusan duk sigina mai maimaici, komai karkacewar zubinta, tarin igiyoyi ne masu santsi, waɗanda ake kira sain, ɗaya a kan saurin asali, sauran a kan ninki biyu, ninki uku, har gaba. Zubin sain shi ne wanda ke fitowa da kansa idan naɗin waya da maganaɗisu suna juyawa a gaban juna. Ƙaramin janareta mai juyi 3,000 a minti yana juyawa sau 50 a sakan, ga haz 50 ɗin nan. Inbata mai araha ba ta da abin da ke juyawa. Kunna batir take yi ta kashe, ta juya shi ta sake kunnawa, sai wutar ta fito hawa-hawa mai kusurwa. A mai kusurwa huɗu zalla, lissafin Fourier ya nuna cewa bayan haz 50 akwai haz 150 mai kashi ɗaya cikin uku na girman na asali, da 250 mai ɗaya cikin biyar, da 350 mai ɗaya cikin bakwai. Injin fanka da haz 50 ɗin yake juyawa, yawancin ragowar zafi da gurnani yake zama. Dutsen guga ko hita ba ruwansu, tunda zafin suke nema. Wanda ya fahimci wannan ya san cewa tambayar da zai yi kafin ya sayi inbata ita ce me zai ɗora mata, firji da fanka da famfon ruwa, ko kayan ɗumama kawai.

Ga misalin da ya kamata a bi da alƙalami. Idan aka ce wutar gida bolt 230 ce, ba ƙololuwarta ake nufi ba, ita tana kaiwa kusan 325. Ana nufin tana ɗumama waya kamar yadda tsayayyen bolt 230 na batir zai ɗumama ta. Mitar awo mai araha ba wannan ƙimar take aunawa ba. Tana juya rabin zagayen ƙasa ya koma sama, ta ɗauki matsakaici, wanda a zubin sain yake kusan 207, sannan ta ninka shi da 1.11 ta nuna 230. Wato an gina ta ne a kan zaton cewa duk abin da za a ba ta sain ne. Yanzu a kawo inbatar da ke hawa bolt 325 na rubu'in zagaye, ta zauna a sifili na rubu'i, ta sauka ƙasa 325 na rubu'i, ta sake zama a sifili. Ƙimarta ta ɗumamawa 230 ce cif. Amma matsakaicinta rabin 325 ne, kusan 162, a ninka da 1.11 a sami kusan 180. Mai gyara zai duba ya ce inbata ta yi rauni, ya buɗe ta ya ɗaga boltejin har mitarsa ta nuna 230, alhali wutar ta haura 290, kayan gidan mutane su fara ƙonewa. Mitar ba ta lalace ba, inbatar ma lafiyarta ƙalau. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, wato wane zubi ne wannan maimaicin yake da shi. Akwai mitocin da ke auna ƙimar ɗumamawa ta gaskiya ko wane zubi aka ba su, sun fi tsada, kuma a zamanin sola da inbata tsadar ta cancanta.

Ga ƙalubale na biyu, wanda ya fi wancan na amfanin koyon analog nauyi. Mai lura zai ce, a ma'anar lissafi sigina mai maimaici sai ta kasance tana maimaitawa tun fil azal har abada, alhali wutar da muka sani ana ɗauke ta, janareta mansa na ƙarewa, saurinsa ma yana hawa yana sauka. Ashe ke nan babu sigina mai maimaici ko ɗaya a duniya, rabe-raben kuma tatsuniya ce? Rabin maganar gaskiya ne. Babu siginar da ta cika sharaɗin. Amma abin da injiniya yake tambaya shi ne, a tsawon lokacin da aikina ya shafa, ɗaukarta a matsayin mai maimaici zai ba ni amsar da kuskurenta bai kai ya dame ni ba? Wutar da ta yi awa ɗaya ta zagaya sau 180,000, wannan ya ishi mai lissafin kaurin waya ko girman taransifoma. Ga ma'aikatan cibiyar kula da babban layin wuta na ƙasa da ke Osogbo kuwa, haz 50 ɗin ba labari ba ne, kaucewarsa ce labari. Idan abin da ake ja ya fi abin da Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas suke bayarwa, injuna sukan rage gudu, lambar ta fara sauka ƙasa da 50, kuma in ba a ƙara wuta ko an rage masu ja ba, tashoshi su riƙa cire kansu ɗaya bayan ɗaya har layin ya durƙushe. Waya ɗaya ce, amma ga mai haɗa wutar gida tabbatacciya ce, ga na Osogbo kuwa abin da ba a san yadda zai kasance nan da minti ɗaya ba. Haka zanen bugun zuciya, wanda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar ɗaukarsa a farkon ƙarni na 20 har ya sami kyautar Nobel a 1924: kusan mai maimaici ne, likita kuma wurin da maimaicin ya karye yake nema. Akwai wani rabon da littattafai ke kawowa, na siginar da hagunta ke daidai da damanta da wadda hagunta ke kife. Amfaninsa rage aikin lissafi ne, kuma shi ma ya dogara ga inda mai lissafin ya zaɓa ya kira farkon lokaci. A matsar da wannan wuri da rubu'in zagaye, igiyar sain ta tashi daga wannan rukuni ta koma wancan.

Tambaya ta huɗu ita ce ta tabbas da rashinsa. Sigina mai tabbas ita ce wadda za a iya faɗin ƙimarta ta gaba ba kuskure. Marar tabbas kuwa sai dai a faɗi matsakaicinta, da iyakar yawonta, da saurin da ta fi yawaita a kai. Ɗalibai sukan ɗauka marar tabbas ita ce hayaniya, mai tabbas ita ce mai amfani. Shannon ya nuna a 1948 cewa kusan akasin haka ne: saƙon da aka riga aka san abin da zai ce bai ƙara wa mai karɓa komai ba. Muryar mai karanta labarai marar tabbas ce ga rediyon da ke kama ta, in ba haka ba da ba a kunna shi ba. Matsalar sadarwa ke nan, abu biyu marasa tabbas a waya ɗaya, ana son ɗaya ba a son ɗaya. Hayaniyar kuma ba duka ce ke zuwa daga waje ba. John Johnson na ɗakin binciken Bell ya auna wani ɗan boltejin da ke rawa a cikin kowace waya saboda zafi kawai, Nyquist ya bayyana dalilinsa, aka buga aikinsu a 1928. Yana ƙaruwa da zafi, da turjiyar wayar, da faɗin zangon da ake saurare, kuma ba ingancin masana'anta da zai kawar da shi. Sanin rukunin hayaniya ne ke nuna maganinta. Gurnanin haz 50 da ke shiga lasifika mai maimaici ne, wuri ɗaya yake zaune, matata ƙunƙuntacciya ko gyaran wayar ƙasa na iya kashe shi. Shuu na zafi ya bazu ko'ina, wannan matatar ba za ta taɓa shi ba. Shi sai dai a rage faɗin zango, ko in abin da ake aunawa a tsaye yake, a yi awo da yawa a ɗauki matsakaici: awo 100 yana rage shi ninki 10, ba ninki 100 ba.

Tambaya ta biyar ba ta bukatar dogon bayani. Akwai siginar da ke zuwa ta wuce, jimillar makamashinta tana da iyaka, ana auna shi da jul. Akwai wadda ke ci gaba, jimillarta tana ta ƙaruwa, don haka abin da ke da ma'ana shi ne nawa take bayarwa a kowane sakan, wato wat. Tsawa ta farkon ce: bugu ɗaya yakan kai wajen amfiya 30,000, amma kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya wuce. Wutar gida ta biyun ce, wato ta ƙarfi, shi ya sa mitar kati take ninka wat da lokaci, yunit ɗaya ya zama wat 1,000 na tsawon awa guda, jul miliyan 3.6. Fiyus an yi shi ne don lantarkin da ya yi yawa ya kuma daɗe har ya narkar da shi. Tsallen boltejin da tsawa ke turowa ta waya yakan gama ɓarnarsa kafin fiyus ya ɗumama. Kariyarsa wata na'ura ce daban, wadda a jikinta ake rubuta yawan jul ɗin da za ta iya shanyewa.

Saura ƙalubalen mai sana'a, wanda zai ce ya shekara ashirin yana gyaran rediyo da talabijin bai taɓa jin sunan Fourier ba. Gaskiyarsa, kuma sau da yawa hannunsa ya fi na mai takardar shaida sanin inda cuta take. Sai dai gogewa tana rufe abin da aka saba gani ne, kayan da ke shigowa kasuwa yanzu kuwa suna fitar da siginar da tsohuwar al'ada ba ta tanadi amsarta ba. Mu ɗauki dabarar da ke cikin na'urorin cajin sola da yawa, da masu rage hasken fitilar LED, da masu sarrafa gudun ƙananan injuna. Ba rage bolteji suke yi ba. Kunna shi suke yi su kashe sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan, suna sauya tsawon lokacin da yake a kunne. Idan bolt 12 ne kuma rabin lokaci yake a kunne, mitar awo za ta nuna 6, alhali wayar ba ta taɓa zama a kan 6 ba, ko dai 12 ko sifili. Ga taransistan da ke kunnawa da kashewa, ƙima biyu ce, kuma wannan ne ya sa ba ya zafi sosai, domin ko yana wuce da lantarki ba turjiya, ko ya toshe shi gaba ɗaya. Ga injin da nauyinsa ya hana shi bin wannan sauri, matsakaicin kawai yake ji, analog ce mai santsi. Ga kayan da ba ya jure fiye da bolt 6, bolt 12 ne ke dukansa, kuma wanda ya amince da mitar ya jona shi yana iya ƙona shi. Ga rediyon gajeren zango da ke ajiye kusa kuwa, kusurwoyin nan masu kaifi tarin igiyoyin Fourier ne da ke hawa har cikin zangon da yake kamawa, shi ya sa yake ɗaukar ƙara da zarar an jona caja mai araha, ya kuma yi shiru da an zare ta. Mai gyaran da ya buɗe rediyon yana neman abin da ya lalace ba zai samu ba. Gyaran yana ga cajar: a sa mata matata, a gajarta wayoyinta, ko a nisanta ta da eriya.